Amsa ga mai tambaya daga Daura kan ciwon dajin ɓargo

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambayi me ya haɗa mayiloma da jijiyoyin jini, tunda likita ya ce a ɓargo ciwon yake.

Mayiloma kansa ce, wato ciwon daji, ta ƙwayoyin da ke haɗa garkuwar jiki a cikin ɓargo. Ƙwayar kansa kuwa ba ta yaɗuwa sai da abinci, kamar lambun rani ne, sai an ja masa ruwa. Shi ya sa take fitar da sinadarin VEGF, wanda ke sa sabbin ƙananan jijiyoyi su tsiro kewaye da ita. Ɓargon kuma ya mayar mata da wani sinadarin, IL-6, mai ƙara mata hayayyafa. Haka suke ta ciyar da juna.

Wannan tunanin ne ya sa aka gwada maganin talidomayid, mai hana sabbin jijiyoyi tsirowa, a Amurka, sakamakon ya fito a 1999. Abin mamaki, maganin da ya nakasa jarirai wajen 1960 ne, don haka mai ciki ko kusa kada ta taɓa shi.

Ciwon bayan da ka ce Baba yana fama da shi kuwa, kada ku tsaya kan sassaƙe. Ku koma Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, a duba jininsa da ƙodarsa.