Ranar da aka fara doke ɗan damben da bai taɓa faɗuwa ba

Ɗana, ka tambaye ni ko ɗan damben boksin da ya yi shekaru ba a taɓa cin galaba a kansa ba yana iya komawa yadda yake bayan an doke shi a karon farko, da kuma abin da ya kamata mai horarwa ya yi a kwanakin da suka biyo baya. Ba ya komawa yadda yake, ko kaɗan. Wasu sukan fi da gwaninta, wasu kuma daga ranar suke fara zubewa, kuma a ganina abin da yake raba su shi ne dalilin da ɗan damben ya yarda cewa shi ya kayar da shi, wanda mafi yawan lokaci daga bakin mai horar da shi yake fara jin sa.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Masu shirya dambe da gidajen talabijin suna sayar da sifilin da ke gaban sunan yaro, wato alamar cewa ba a taɓa doke shi ba, kamar haja, musamman tun da Floyd Mayweather ya gina kasuwarsa a kan haka har ya kai faɗa 50 ba tare da an doke shi ba. Idan sifilin ya tafi, ladan faɗa na gaba yakan ragu, matsayinsa a jerin hukumomin dambe yakan sauka, 'yan rakiyar da suka cika masaukinsa kuma sukan watse. Sai dai kasuwa tana da saurin yafiya ga wanda yake tara jama'a. Canelo Alvarez yana da shekara 23 Mayweather ya doke shi da maki a 2013, bayan haka kuma ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa samun kuɗi a wannan sana'a.

Abin da za ka fara dubawa shi ne jikinsa, domin ba duk faɗuwa ce iri ɗaya ba. Wanda aka fi shi maki a zagaye goma sha biyu ya tafi gida da ɓacin rai kawai, amma wanda aka yi ta narka masa naushi a ka tun daga farko har ƙarshe ya bar wani abu a dandamalin wanda ba lalle ya dawo ba. Meldrick Taylor yana gaba da maki a wajen biyu daga cikin alƙalai uku lokacin da aka tsayar da faɗansa da Julio Cesar Chavez a 1990, saura daƙiƙa biyu a tashi, kuma daga filin aka wuce da shi asibiti da karaya a ƙashin fuska. Ya sake cin kambu bayan haka, amma saurin hannun da aka san shi da shi bai daɗe ba. Haka Jeff Lacy, wanda Joe Calzaghe ya yi wa dukan zagaye goma sha biyu a Manchester a 2006, bai ƙara zama abin tsoro ba. Hukumomi sukan dakatar da wanda aka sumar ko aka tsayar da faɗansa na wata ɗaya zuwa biyu ko fiye, kuma ka ɗauki wannan a matsayin mafi ƙarancin hutu. Kada ka bari ya sa safar hannu ya yi gwajin naushi da kowa kafin likita ya duba kansa, ko da ya rantse maka cewa lafiyarsa ƙalau, domin duk haka suke rantsewa.

Idan jiki ya tsira, sai a zo ga dalili. Joe Louis yana da shekara 22, ya ci faɗa fiye da 20 a jere, lokacin da ya gamu da Max Schmeling na Jamus a New York a watan Yuni na 1936. Schmeling ya zauna ya kalli fina-finan faɗansa, ya lura cewa duk lokacin da Louis ya jefa hagu yakan dawo da hannun ƙasa maimakon ya mayar da shi kusa da haɓa, sai ya yi ta aika masa dama ta wannan kafa, ya kayar da shi a zagaye na 4, ya gama da shi a na 12. Kuskure ne da ake iya nunawa da yatsa, kuma Louis da mai horar da shi Jack Blackburn sun karɓe shi a matsayin kuskurensu, tare da sakacin da aka yi a sansanin atisaye inda Louis ya shagala da wasan golf. A 1937 ya ci kambun duniya, a 1938 ya gama da Schmeling a zagayen farko, ya kuma kare kambun sau 25. Lennox Lewis ya yi abin da ya fi wannan wuya ga mai girman kai: da Oliver McCall ya doke shi a zagaye na 2 a 1994, sai ya ɗauki Emanuel Steward, mutumin da ya shirya McCall ya kuma gano inda zai shige shi, ya ce ya zo ya gyara masa.

Ka kwatanta wannan da Deontay Wilder. Da Tyson Fury ya yi masa duka a 2020 har Mark Breland, ɗaya daga cikin masu horar da Wilder, ya jefa tawul don a tsayar da faɗan a zagaye na 7, Wilder ya ce kayan adon da ya sa ya shigo fili ne suka yi masa nauyi suka kashe masa ƙafafu, sannan ya sallami Breland, wanda a ganina shi kaɗai ne ya yi aikinsa a daren. A karo na gaba, a 2021, Fury ya gama da shi a zagaye na 11. Ka riƙe wannan tun yanzu, domin wata rana kai ne za ka riƙe tawul, kuma mai yiwuwa ladanka ya zama kora. Duk da haka ka jefa shi idan lokaci ya yi. George Foreman ma, da Muhammad Ali ya kayar da shi a Kinshasa a 1974 bayan faɗa 40 ba faɗuwa, ya ɗora laifi a kan igiyoyin dandamali da ruwan da aka ba shi, har ya je Toronto a 1975 ya yi faɗa da mutum biyar a dare ɗaya don ya nuna cewa har yanzu shi ne. Sai da ya bar damben shekara goma ya dawo da natsuwa, sannan ya sake cin kambu a 1994 yana da shekara 45.

Waɗanda makaminsu kwarjini ne su suka fi shan wahala. Abokan karawar Mike Tyson da yawa sun riga sun karaya tun kafin a buga ƙararrawa, amma bayan Buster Douglas ya kayar da shi a Tokyo a 1990 kowa ya ga cewa idan aka jure zagayen farko-farko aka riƙa tare shi da hagu daga nesa, mutum ne kamar kowa. Daren nan darasi ne gare mu ma, domin mutanen kusurwar Tyson, wato masu kula da shi, ba su zo da ƙarfen danne kumburi ba, sai safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna ɗora masa a ido. Wanda ya ɗauka yaronsa ba zai taɓa faɗuwa ba, haka yake zuwa fili da jaka rabi. Naseem Hamed kuwa, ɗan asalin Yemen da aka haifa a Sheffield, faɗa ɗaya kacal ya ƙara yi bayan Marco Antonio Barrera ya doke shi da maki a 2001, ya ajiye safar hannu bai kai shekara 30 ba, alhali ba a sumar da shi ba.

To, a kwanakin farko kada ka yi masa wa'azi, kada kuma ka taya shi neman wanda za a zarga. Ka bar shi ya huce, sannan ku zauna ku biyu ku kalli bidiyon faɗan daga farko har ƙarshe, har da wurin da ba ya so ya gani, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka nuna masa abu ɗaya ko biyu da hannu da ƙafa za su iya gyarawa, kuma idan shirin da ka ba shi ne bai yi aiki ba, ka faɗa masa haka a fili.

Sai shawarar ramuwa, wato sake karawa da wanda ya doke shi, wadda sau da yawa an riga an rubuta ta a cikin yarjejeniya. Idan salon da aka zaɓa ne ya jawo faɗuwar, ramuwar gaggawa tana da amfani. Sugar Ray Leonard ya tsaya ƙirji da ƙirji da Roberto Duran a Montreal a watan Yuni na 1980 ya sha kaye, bayan wata biyar ya koma ga aikin ƙafa da zillewa, Duran ya daina faɗan da kansa a zagaye na 8. Anthony Joshua, wanda asalin iyayensa Nijeriya ne, ya yi kusan haka bayan Andy Ruiz ya doke shi a watan Yuni na 2019: ya rage nauyi, ya ƙi tsayawa musayar naushi, ya karɓo kambunansa da maki a Saudiyya a watan Disamba. Amma idan haɓa ce ta gaza jure naushi ko numfashi ya gaza, wata biyar ba ya gyara su. David Price na Ingila ya faɗi a hannun Tony Thompson a zagaye na 2 a 2013, aka yi sauri aka sake haɗa su a cikin shekarar, aka sake tsayar da shi a zagaye na 5, kuma faɗuwa biyu a hannun mutum ɗaya ta fi ta farko illa nesa ba kusa ba. Irin wannan yaro ana nema masa abokin karawa mai juriya wanda naushinsa ba shi da nauyi, a sa shi ya yi zagaye takwas ko goma, kai kuma ka zuba ido ka ga abin da zai yi a karon farko da naushi mai kyau ya same shi. Idan ya riƙe, ya rufe fuska, ya ci gaba da bin shiri, sai a ƙara masa mataki. Idan kuwa ya rufe ido ko ya juya baya, ko ka lura maganarsa ta fara nauyi a gida, kai ne za ka fara gaya masa da iyalinsa cewa ya tsaya, tun kafin mai shirya dambe ya kira da tayin faɗa na gaba.