Ɗalibaina duk sun ce sun iya zama da kowa, yaya zan tabbatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata jami'a, kuma sashenmu ya ɗora mini tsara kwas na zango ɗaya kan mu'amala tsakanin mutanen da al'adunsu suka bambanta. Ajin ya tara ɗalibai daga yankuna da ƙasashe da yawa, amma kowa da 'yan yarensa yake zama. Shugaban sashe ya ce in raba musu takardar tambayoyi a farkon zango da ƙarshensa, in maki ya ƙaru shi ke nan an ci nasara. Ni dai raina bai kwanta ba. Ana koyar da wannan abu kuwa, ko hali ne da ake haihuwar mutum da shi? In ana koyarwa, da me zan auna?

Wata malamar jami'a

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kina da gaskiya da ranki bai kwanta ba. Ana koyar da shi, ana kuma auna shi, sai dai ba da takardar nan ita kaɗai ba. Takardar za ta gaya miki yadda ɗalibi yake ganin kansa. Abin da kike nema kuwa shi ne yadda yake yi idan ya ci karo da abin da bai saba ba, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara.

A 2006 wata mai bincike a Amurka, Darla Deardorff, ta wallafa sakamakon tuntuɓar da ta yi wa masana 23 na wannan fanni, tana neman abin da za su haɗu a kai. Ma'anar da ta fi samun karɓuwa a wurinsu ƙafa biyu gare ta: mutum ya iya cimma buƙatarsa a mu'amala da wanda ba al'adarsu ɗaya ba, kuma ya cimma ta ta hanyar da ta dace. Ki lura da ta biyun. Ni zan iya sanin ko buƙatata ta biya, amma ko na yi abin da ya dace, wannan hukunci na wanda na yi mu'amala da shi ne. Ɗalibi zai iya fitowa daga taron rukuni yana murna an bi ra'ayinsa, alhali mutum uku sun ƙudurta ba za su sake aiki da shi ba. In kika ba shi takarda, babban maki zai ba kansa, kuma ba ƙarya ya yi ba, iyakar abin da ya gani ke nan.

Kafin awo, bari mu duba koyarwar, don ba a auna abin da ba a shuka ba.

Mutane da yawa, har da shugabannin jami'o'i, sun ɗauka cewa in an tara ɗalibai daga ko'ina a harabar makaranta ɗaya, sauran aikin zai yi kansa. Ajinki ya riga ya ƙaryata wannan. Tun 1954 Gordon Allport ya ce cuɗanya tana rage ƙyamar juna, amma ya gindaya sharuɗɗa huɗu: ɓangarorin su kasance daidai a matsayi, su kasance da buri ɗaya, su haɗa hannu maimakon gasa, kuma hukuma ta tsaya musu. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp sun tattara bincike 515 suka ga cewa lallai cuɗanya tana aiki, kuma ta fi aiki inda aka cika sharuɗɗan. Sai dai raguwar ƙyama daban, ƙwarewa daban. Mutum zai iya daina ƙin maƙwabcinsa amma har gobe bai fahimce shi ba. Ɗaliban naki ma ba su kai ga cuɗanya ba tukuna, ɗaki ɗaya kawai ya haɗa su.

Ko fita ƙasar waje ba ta wadatarwa. An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma wani babban bincike da Jami'ar Georgetown ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, ya bi ɗalibai fiye da 1,000 da suka je karatu ƙasashen waje, ya kuma tarar da yawansu sun dawo ba su motsa sosai ba. Waɗanda suka fi ci gaba su ne masu jagoran da suke zama da shi a kai a kai, yana tambayarsu me suka gani, me suka fahimta. Wannan albishir ne gare ki, domin jagorancin nan shi ne abin da ke hannunki, ba kuɗin jirgi ba.

Saboda haka kada ki bar su su zaɓi rukuni da kansu. Ke za ki raba su, ki gauraya, kuma ki ba su aikin da mutum ɗaya ba zai iya gamawa ba. Akwai dabarar da Elliot Aronson ya fito da ita a 1971 a makarantun birnin Austin na jihar Texas, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya, rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya raba darasi gunduwa-gunduwa, kowane yaro da tasa, ba wanda zai ci jarrabawa sai ya saurari sauran. Haka za ki yi. In ba haka ba, mai kaifin baki zai kwashe aikin, sauran su sa hannu a ƙarshe. Ki kuma sa ran saɓani, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Saɓanin nan shi ne kayan aikinki, muddin kin ware lokacin tattauna shi. Rukunin da bai taɓa samun matsala ba, galibi wani ne ya yi shiru.

Atisayen da na fi ba muhimmanci mai sauƙi ne a faɗa, mai wuya a yi: raba abin da ido ya gani da fassarar da zuciya ta yi, da hukuncin da aka yanke. A ce ɗalibi ya rubuta, “Wance ta raina mu, muna magana ba ta ko kallonmu.” Sai ki tambaye shi: me ka gani? Zai ce raini ya gani. Ki ce a'a, raini ba ya fita a hoto, me kyamara za ta ɗauka? Da ƙyar zai sauko ya ce, “Tana kallon littafinta lokacin da nake magana, kuma ba ta ce komai ba sai da aka kira sunanta.” Yauwa. Yanzu kawo dalilai uku da za su iya sa mutum ya yi haka. Wataƙila inda ta taso zuba wa mai magana ido rashin ladabi ne. Wataƙila harshen da ake karatu da shi ba nata ba ne, tana fassarawa a ranta kafin ta buɗe baki. Wataƙila kuma rainin ne da gaske, kada a cire shi daga lissafi. Tambaya ta ƙarshe: ta yaya za ka gano wanne ne ba tare da ka ci mata fuska ba? Ɗalibin da ya saba da wannan tsani ya samu rabin abin da kwas ɗin yake nema.

Gargaɗi ɗaya. Ki guji darasin nan na “mutanen ƙasa kaza haka suke, na ƙasa kaza haka suke”. Yana da daɗin koyarwa, yana da sauƙin jarrabawa, amma ɗalibi yana fitowa da sabon kuɗin goro mai ɗauke da hatimin jami'a. Alƙaluman kwatanta al'adun ƙasashe da masanin nan Geert Hofstede ya fitar daga amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM, waɗanda ya wallafa a 1980, matsakaicin ƙasa suke nunawa, ba halin mutumin da ke zaune kusa da kai ba.

To, awo. Akwai dalili na musamman da ya sa takardar kafin da bayan kwas take yaudara a wannan fanni. Milton Bennett ya tsara a 1986 matakai shida da mutum kan bi wajen fahimtar bambanci. Na farko bai ma lura da bambancin ba. Na biyu ya lura, ya ja daga: mu da su. Na uku shi ne mai cewa ai duk ɗaya muke, bambancin na sama-sama ne. Daga nan sai karɓar bambanci a matsayin abu na gaske, sai iya sauya salon mu'amala, sai haɗe ra'ayoyin cikin yadda mutum yake ganin kansa. Matakin na uku shi ne mai santsi, domin maganarsa tana da daɗin ji, kuma mai ita yana jin ya gama. Amma idan ya ce duk ɗaya muke, galibi nufinsa kowa kamar ni yake. Ma'aunin nan da ake kira IDI, mai tambayoyi 50, wanda Mitchell Hammer ya gina a kan tsarin Bennett, yana fitar da maki biyu: inda mutum yake zaton yake, da inda amsoshinsa suka nuna yake. Mafi yawan mutane na farkon ya fi na biyun.

Ga abin da zai faru a ajinki. A makon farko ɗalibi zai ga “Ina fahimtar mutanen da al'adarsu ta bambanta da tawa”, ya ba kansa biyar cikin biyar. Bayan wata uku na gumurzu a rukuni, ya gano abin ba haka yake ba, sai ya ba kansa uku. A takarda ya ci baya, a zahiri kuwa shi ne ya fi kowa ƙaruwa, sandar da yake auna kansa da ita ce ta canja. In har dole ne a yi takardar, akwai magani: a ƙarshen zango ki tambaye su abu biyu a zama ɗaya, ina kake yanzu, kuma da idonka na yau ina kake a farkon zango. Ki kuma tuna cewa ba kowa ya taso da yabon kansa a takarda ba. Wasu tsakiya suke zaɓa kome ƙwarewarsu, don haka kwatanta makin ɗaliban wani yanki da na wani ba shi da tushe. IDI kuwa kuɗi ake biya, kuma sai wanda aka horar yake gudanar da shi, ban ga dalilin da zai sa ki matsa wa sashenku a kansa don kwas ɗaya ba.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki auna aiki. A makon farko ki ba su gajeren labarin wata rashin jituwa, misali ɗalibai biyu da suka saɓa saboda ɗaya ya soki aikin ɗaya a gaban rukuni, ki ce su bayyana abin da ya faru da abin da za su yi. A makon ƙarshe ki ba su wani labarin mai nauyi iri ɗaya. Amsa mai rauni za ta ce, “Wanda ya yi sukar ba shi da tarbiyya, ya ba da haƙuri.” Wadda ta ɗan ɗara za ta ce, “Kowa da al'adarsa, a yi haƙuri da juna,” ita ma ba ta ce komai ba, ta dai share zancen ne cikin ladabi. Amsa mai ƙarfi za ta nuna yadda kowannensu ya ga lamarin ta yadda shi kansa zai ce haka ne, ta faɗi inda marubucin ya karkata da dalilinsa, sannan ta kawo matakin da za a iya ɗauka gobe. Don tsara maki ba sai kin fara daga tushe ba: ƙungiyar kwalejoji da jami'o'in Amurka ta AAC&U ta fitar a 2009 da jadawalin awo kyauta mai layi shida da matakai huɗu, ya haɗa da sanin al'adar kai, tausayawa, da sadarwa ta baki da ta jiki. Ki gyara shi ya dace da ɗalibanki, don a wata nahiya aka rubuta shi. Ki cire sunaye da kwanan wata, ki cakuɗa takardun farko da na ƙarshe, ki samu abokin aiki ya duba wasu daga ciki ba tare da ya ga makinki ba. Inda kuka saɓa da yawa, jadawalin ne ke buƙatar gyara.

Sai ki ƙara da shaidar abokan rukuni, tunda su ne masu hukuncin dacewa. Kada ki tambaye su ko wane mutumin kirki ne. Ki tambayi abin da aka gani: yana barin wani ya kai aya? Ya taɓa neman ƙarin bayani kafin ya musa? Ya taɓa canja shawara saboda maganar wani? Wannan kada ya ɗauki maki mai yawa, don abota da gaba suna shiga ciki. Rubutun tunani na mako-mako ma yana da amfani, amma ɗalibai sun fi mu wayo, cikin mako biyu za su gane kalmomin da malama take so, su cika shafi da “na koyi girmama kowa”. Ki ce duk rubutun da bai ƙunshi takamaiman abin da ya faru ba, da wa ya ce me, ba za a karɓa ba.

Abu ɗaya da ba zan ba maki a kansa ba shi ne aƙida ko ra'ayi. Ɗalibi yana da 'yancin ya fahimci wata ɗabi'a sarai kuma ya ƙi yarda da ita. Abin da kike dubawa shi ne ko zai iya bayyana ta da adalci, ya kuma yi aiki da mai ita. Ranar da suka ji cewa maki yana bin wanda ya fi nuna ya yarda da komai, daga ranar ba za ki sake jin gaskiya a ajin ba.

Shugaban sashe kuwa, kada ki ce masa takardarsa ba ta da amfani. Ki bar ta, ki ƙara mata tambayar waiwayen nan, kuma ki sanar da shi tun yanzu a rubuce cewa makin zai iya sauka da dalilin saukarsa, don kada ya ga alƙaluma a ƙarshen zango ya ce kwas ya gaza. A rahotonki ki sa sakamakon labaran biyu a gaba, tare da amsoshi biyu ko uku na ɗalibi ɗaya, ta farko da ta ƙarshe, bayan kin nemi izininsa kin cire sunansa. Ki kuma gaya masa zango ɗaya ba ya kai mutum daga mataki na biyu zuwa na biyar. In sashen yana son ganin canji na gaske, sai a sake ba ɗaliban nan irin wannan labari a shekararsu ta ƙarshe, a ajiye takardun bana don kwatantawa. Allah ya taimaka.