Ɗana Yana Jan Ƙafa Tun Da Aka Yi Masa Allura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 4 ya yi zazzaɓi, aka yi masa allura a ɗuwawu a wani kemis na unguwarmu. Nan take ya ƙwalla ƙara, washegari kuma ya fara jan ƙafar dama, ba ya iya ɗaga tafinta. Yau kwana 10 ke nan. Kakarsa tana gasa ƙafar da ruwan zafi, wasu kuma sun ce a kai shi wajen wanzami a yi masa tsaga. Ko shan inna ce? Hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika bayyana ya fi kama da rauni a babbar jijiyar da ke ratsawa ƙarƙashin tsokar ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa. Duk da haka, ƙa'ida ce duk yaron da bai kai shekara 15 ba, idan wata gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a gwada bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 da fara ciwon saboda shan inna, don haka kada ki bari kwanakin nan su wuce.

Tsoka ba ta motsi sai da umarni. Saƙo yana fitowa daga ƙwaƙwalwa ya bi laka, ya gangara ta cikin jijiya a matsayin ƙaramar wutar lantarki, idan ya isa bakin tsoka sai jijiyar ta saki sinadarin asetilkolin, shi kuma ya sa kalsiyam ya kwarara cikin zaruruwan tsokar, su ja juna ta tsuke. Idan allura ta soki jijiyar, ko maganin ya ƙona ta, saƙon ya yanke tun daga sama, tamkar fanka mai lafiya da aka tsinke wa waya.

A nan ne nake so ke da kakarsa ku saurare ni da kyau, domin kusan kullum sai an kawo mana yaro da tabon ƙuna ko na aska a ƙafa. Mutane sun ɗauka tsokar ce ta yi sanyi, ko mataccen jini ne ya taru, saboda haka zafi zai farkar da ita, tsaga kuma ta fitar da ciwon. Ciwon ba a tafin ƙafar yake ba, kuma babu zafin da zai haɗa jijiyar da ta samu rauni. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, jijiyar nan ita ce kuma take kai labarin zafi zuwa ƙwaƙwalwa, sai ka ga yaro ana gasa shi bai yi kuka ba, ana ta yabon jarumtarsa, alhali fatarsa ce ke dahuwa bai ji ba. Gyambon da ya fito a irin wannan ƙafa kuwa yana da wuyar warkewa. Masu murza ƙafar da ƙarfin tsiya suna karɓar kuɗi, su ma lokaci kawai suke cinye wa yaron, kuma lokacin nan yana da tsada: jijiya tana tsirowa kimanin milimita 1 ne a rana, idan kuma tsoka ta haura shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu saƙo, takan rame ta yadda ko jijiyar ta iso da wuya ta amsa.

Ki kai shi sashen fisiyo (masu jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi) na Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za a koya miki motsa gaɓar don kada ta ƙage, a ba shi abin da zai riƙe tafin a daidai, idan kuma watanni suka shuɗe babu canji a duba yiwuwar tiyata. Yara da dama suna samun sauƙi.

Ga ƙannensa kuma, ƙaramin yaro a gefen cinya ake yi masa allura, kuma yawancin zazzaɓi maganin sha ya ishe shi. Iyaye su daina matsa wa mai kemis cewa sai allura, mai kemis ɗin da bai san inda jijiya ta bi ba kuma ya ji tsoron Allah ya ajiye sirinji.