Ɗana, kai da abokanka ba takarda ɗaya kuka rubuta ba

Saƙonka na murya ya shigo ina shirin kwanciya, ƙarfe goma na dare a nan Ohayo ta Amurka. Da na lissafa sai na ga uku ce ta dare a Sakkwato, to tun kafin in saurara na san akwai abin da ya hana ka barci. Ka yarda in amsa maka a fili, don ƙannenka da ke tafe su ma su ji.

Ka ce ranar Asabar ku huɗu kuka rubuta SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, a Abuja. Washegari a mota, tun daga Zuba har Funtuwa, ba abin da kuke yi sai bitar amsoshi. Su ukun sun ce kashi na biyu na lissafi kamar shan ruwa ne, kai kuwa sai da gumi ya karyo maka, kuma rabin tambayoyin da suke ambata ba ka ma tuna ka gan su ba. Kafin ku kai Gusau har ka yanke wa kanka hukunci, yanzu kana so ka soke sakamakon kafin ya fito.

Kada ka soke. Wanda ya soke ba a mayar masa, kuma ba zai taɓa sanin abin da ya ci ba.

Ba mantuwa ka yi ba, ɗana. Mai yiwuwa tambayoyin nan ba a ba ka su ba ne sam. Tun 2023 da aka mayar da SAT kan kwamfuta a ƙasashen waje, ta daina zama takarda ɗaya ga kowa. Ɓangare biyu gare ta, karatu da rubutu mai tambaya 54 a minti 64, sai lissafi mai tambaya 44 a minti 70, kuma kowanne an raba shi gida biyu. Gidan farko gauraye ne, akwai mai sauƙi akwai mai wuya. Manhajar Bluebook da ake rubuta jarrabawar a kanta tana duba yadda ka yi a nan, sannan ta zaɓa maka gida na biyu. Wanda ya taɓuka a farko, mai tsauri ake tura masa, kuma ta wannan ƙofar ake kaiwa ga maki na sama. Wanda ya yi tuntuɓe da yawa sai a sassauta masa, amma makinsa yana da iyakar da ba zai wuce ba.

Ka ga ke nan abin da ya tayar maka da hankali shi ya kamata ya ɗan kwantar maka da shi. Ban ce ka ci ba. Mutum yana iya jin abu da wuya don kawai bai karanta ba. Amma da za a ce in zaɓi wanda zan damu da shi a motar nan, wanda ya fi kowa dariya zan zaɓa. Ƙari a kan haka, a kowane gida akwai tambaya biyu na gwaji da ba a lissafa su a maki, kuma ba a gaya maka ko waɗanne ne. Wata ƙila wadda ta hana ka barci tana cikinsu. Makin kansa, daga 400 zuwa 1600, ba ƙidayar daidai da kuskure ba ce kawai, ana duba nauyin kowace tambaya. Mutum biyu za su ci adadi ɗaya su tashi da maki daban.

Kawunka ma ya sha irin wannan. Lokacinmu JAMB da fensir ake yin ta, ana cike 'yan ramuka. Muna fitowa muka taru a gindin darbejiya a bakin makarantar, rana na dukan ƙasa, wani daga cikinmu ya zaro hannun rigarsa inda ya kwafe amsoshinsa. Ya ce ta ɗaya B, ni D na sa. Ta biyu A, ni C. Har ta goma ba mu haɗu ko sau ɗaya ba. Da ƙafa na taka har Mabera, kuɗin kabu-kabu na cikin aljihu amma na manta da su. Kakarka ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, na ce kaina ke ciwo. Sai bayan kwana biyu wani malaminmu ya tambaye ni nau'in takardata. Ashe jerin tambayoyin ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, nawa daban, na mai hannun riga daban. Kwana biyu na yi ina zaman makokin abin da bai mutu ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne zauren WhatsApp da ka ce an buɗe, kowa na rubuta tambayoyin da ya tuna. Fita daga ciki yau. Kafin ka fara jarrabawar ka amince da sharaɗin College Board, hukumar da ke shirya SAT, cewa ba za ka yaɗa tambayoyinsu ba, kuma suna da ikon soke sakamakon wanda ya yi hakan, har su hana shi sake zama. Kuɗin rajista da dala babanka ya biya, ka fi ni sanin yadda aka yi aka haɗa su.

Sakamako yakan fito cikin mako biyu ko kusa da haka. In ya yi kyau, madalla. In bai yi ba akwai zaman Disamba, kuma jami'o'i da yawa suna ɗaukar mafi kyawun makinka na kowane ɓangare ko da a zama daban-daban ka same su. Kada wani ya ce maka an daina kula da SAT a Amurka. Jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard ta bi sahu a 2024, alhali jami'o'in gwamnatin Kalifoniya na tsarin UC ba sa kallon ta ko ka aika. Kowace da tsarinta, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mako biyun nan ka ba wa abin da ke hannunka. Je ka karɓo sakamakonka na sakandare, ka roƙi malamai biyu da suka san ka da kyau su rubuta maka takardar shaida, ka fara rubutun da za ka gabatar da kanka. Maganar kuɗi kuma mu yi ta da babanka tun yanzu, don ba makarantar da za ta ba ka takardar I-20, wadda ake neman bizar karatu da ita, sai ta ga abin da zai riƙe ka shekara guda. Dokar biza tana yawan sauyawa, saboda haka ka ji ta daga bakin EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, da ke ofishin jakadancin Amurka a Abuja, ba daga 'yan ka-yi-na-yi masu karɓar kuɗi ba. Kuma in an buɗe rajistar JAMB ka yi, ka sa Ɗanfodiyo. Da digirinta na zo nan, ba wanda ya taɓa raina shi.

Ka gaida Inna, ka ce mata kilishin ya ƙare tun watan jiya. Ranar da sakamako ya fito ka kira ni kafin ka kira abokan motar nan, ko ƙarfe nawa ne.