Kawu ya ga kayan da na yi oda, yanzu kunyar shiga shagonsa nake ji

Assalamu alaikum Gwaggo. Ya gida, ya hidima da jama'a? Allah Ya saka da alheri.

Ni malamar firamare ce a nan Kano, ina da aure da 'ya'ya uku. Abin da ya kawo ni wataƙila ki ga bai taka kara ya karya ba, amma wallahi ya hana ni sakat.

Bikin ƙanwata ya matso, kuma tun rasuwar mahaifinmu kayan kicin ɗinta a wuyana suke. Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, yana da shago a kasuwar Sabon Gari, kayan kicin yake sayarwa: kuloli, tukwane, faranti, kofuna. Tun ina yarinya a can muke sayayya. Lokacin aurena ma rabin kayan kyauta ya ba ni.

To, wata abokiyar aikina ce ta nuna min wata manhajar sayayya ta China a waya. Saitin kula mai huɗu da Kawu ya ce min naira 45,000, sai ga irinsa a can a kan 27,000, har da kawowa. Na saya. Daga nan sai na zarce. Da dare idan yara sun yi barci sai in kwanta ina ta lalube, wannan ya yi kyau, wancan ya yi araha. Cikin wata biyu na kashe kusan 160,000.

Ranar wata Asabar Kawu ya biyo duba autana da ke fama da zazzaɓi. Yana zaune a falo sai ga mai kawo saƙo a kan babur. Yara suka shigo da ƙunshi uku suna tsalle, wai kayan amarya sun iso. Kafin in buɗe baki babban ya yage ledar, kula ta fito. Kawu ya miƙa hannu ya karɓa, ya ƙwanƙwasa murfin da ɗan yatsa, ya juya ta ya duba gindin, sannan ya ce, "Ma sha Allah. Allah Ya sanya alheri." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya ƙarasa shan ruwansa, ya shafa kan yaron, ya tafi. Gwaggo, da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.

Maigidana ya ce kuɗina ne, kasuwa ce, kowa inda ya ga sauƙi yake nufa. Ƙanina kuwa da ke jami'a ya ce irinmu ne muke kashe kasuwannin gida, mu kwashi kuɗi mu kai wa manyan kamfanonin da ke bautar da ma'aikata, har ya ce akwai Musulmin da ake sa wa aikin dole a can. Tun ranar, duk sanda na buɗe manhajar sai in ji kamar sata nake yi, amma idan na tuna albashina da jerin kayan da suka rage sai in sake dannawa. Sati uku ke nan ban bi ta layin su Kawu ba, ga shi ma akwai ragowar 38,000 da yake bina tun azumi, na injin markaɗe, bai taɓa tambaya ba.

Don Allah ki faɗa min gaskiya. Laifi nake yi? In goge manhajar in koma saye da tsada saboda zumunci, ko in ci gaba in daina damun kaina?

Maman Sadiq, Hotoro, Kano

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba wa yaro lafiya, Ya kai mu bikin nan lafiya.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma sai a karo na biyu na ga inda gizo ke saƙa. Kin ɓoye shi a can ƙasa, a wutsiyar jimla, kamar wadda ta tura shara ƙarƙashin tabarma. Zan zo kansa. Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba.

Neman sauƙi ba zunubi ba ne. Allah Ya halatta ciniki, kuma babu inda aka wajabta wa mutum ya sayi abu da tsada don mai sayarwa ɗan'uwansa ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kowa ya san yadda albashi ya koma. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Macen da ke ɗauke da kicin ɗin amarya ita kaɗai, ta ga inda za ta rage 18,000 a kan saitin kula ɗaya, ta rage, ni ban ga abin da za ta yi wa istigfari a nan ba.

Kin san abin da ya sa Kawu ya juya kular ya duba gindinta? Ya san ta ne. Kayan da ke jibge a Sabon Gari da Kantin Kwari, kaso mai yawa daga China suke zuwa. 'Yan kasuwarmu sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Guangzhou, suna loda kwantena, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, a biya kwastam, tirela ta ɗauko ta zuwa Kano. Babban dila ya sa nasa, Kawu ya sara, ya sa kuɗin hayar shago da na yaron shago da ɗan abin da zai kai gida. Manhajar ta tsallake waɗannan hannayen ne, ta haɗa ki da masu kayan kusan kai tsaye. Wato dai abin da ke gabanki kayan China ne ta hannun Kawu, ko kayan China ta hannun waya.

Shi ya sa nake ganin ƙaninki ya ɗora miki gawar da ba ke kika kashe ba. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka faro da Kaduna Textiles a 1957 suka ciyar da dubban gidaje, sun durƙushe tun kafin ki riƙe babbar waya. UNTL, babbarsu, ta tsayar da aiki a 2007. Haka masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai suka yi shiru saboda rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri. Manhajojin sayayya kuwa daga baya suka zo: Jumia sai a 2012 ta fara a Legas, Temu ta China ma sai ƙarshen 2024 ta shigo Najeriya.

Amma kada ki ɗauka yaron surutu kawai yake yi. Hannayen nan da aka tsallake bakuna ne. Ɗan dako, mai baro, yaron shago, mai shayin bakin layi, mai kawo abincin rana, duk daga wancan bambancin na 18,000 suke ci. Idan dubban mata irinki suka koma waya, za a ji a jikin kasuwa, wannan gaskiya ne. Maganar ma'aikata ma tana da tushe. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, ya kashe mutum sama da 1,100, akasarinsu masu ɗinka tufafin manyan kantunan Turai da Amurka. A 2021 Amurka ta yi doka ta hana shigar da kayan yankin Xinjiang na China, inda Musulmin ƙabilar Uyghur suke, sai an tabbatar ba da aikin dole aka yi su ba. Kamfanin Shein, mai sayar da tufafi ta intanet, da kansa ya amsa cewa ya gano yara ƙanana na aiki a wurare biyu cikin masu yi masa kaya a 2023. Sai dai ki lura, komawa kasuwa ba ya wanke hannun kowa daga wannan, tunda kayan kasuwar ma daga irin waɗancan masana'antun suke fitowa, kuma ba mai saye ba mai sayarwa, babu wanda ya ga hannun da ya yi su. In da gaske abin ya dame ki, hanyar ita ce rage sayen tarkace, da neman abin da aka yi a gabanki. Tukunyar dalma da maƙeranmu ke zubawa ta fi duk wata mai ƙyalli daɗewa a kan wuta. Turmi da taɓarya, muciya, faifai, matankaɗi, duk amarya na buƙata, kuma kuɗinsu a hannun mai sana'a yake faɗawa. Ki ce wa ƙanin naki ya raka ki Kurmi ya riƙe miki kaya, tunda kishin ya motsa.

Wani abin da ban so ba a wasiƙarki shi ne wannan kwanciyar dare ana lalube. Nan ne suka fi mu wayo. Agogon da ke ƙirga miki saura minti goma ragi ya ƙare, da faifan da ake juyawa wai kin ci kyauta, da cewa sai kin cika kaza kafin a kawo miki, duk an tsara su ne don ki sayi abin da ba ki fito nema ba. Ni ma nan da kike gani na taɓa faɗawa. Na je neman gidan tabarau, na ƙare da abin yanka albasa da har yau yana cikin kwalinsa. Ki shimfiɗa tabarma, ki baje duk kayan 160,000 ɗin nan, ki ɗauko jerin da kika rubuta tun farko, ki ware waɗanda ke ciki da waɗanda ba sa ciki. Ina zargin tulin na biyu zai cinye ragin da kika samu a na farko. Idan haka ne, ba sai kin goge manhajar ba. Ki cire katinki daga ciki, ki kashe sanarwarta, kada ki buɗe ta sai da rana, da takarda a hannu.

Yanzu mu zo kan 38,000.

Ɗiyata, ki dubi abin ta idon Kawu. Baƙon da ba ki taɓa gani ba, kin ba shi kuɗi lakadan, kin zauna kina jiran kaya sati biyu ko uku ba ƙorafi. Shi kuma da ya ba ki kaya nan take, yana jiran kuɗi tun azumi. Sai ya zo duba ɗanki, aka yage leda a gabansa, ya ga ashe kuɗin akwai. Ban yi zaton kular ce ta sa shi shiru ba. Ɗan kasuwa ya saba ganin mai saye ya wuce shagonsa ya shiga na maƙwabci, ba ya kwana da wannan. Abin da ke masa ciwo shi ne jarinsa ya kwanta a hannun wanda ke da halin biya. Kuma a wannan zamanin kuɗin da aka riƙe wata da watanni ba ya dawowa da ƙarfinsa. Injin da ya ba ki, in ya je sarin wani yau, da wuya ya same shi a farashin da. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ce kin yi abin kunya don kin ci ba. Amma hadisi ya inganta cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Wannan nauyin da kike ji a ƙirji duk sanda kika buɗe waya, kin sa masa sunan China da kamfanoni da ma'aikata, ni kuwa ina ganin sunansa 38,000.

Maigidanki ya yi gaskiya da ya ce kuɗinki ne, sai dai ban da wannan kason. Shi na Kawu ne, ajiya yake a wurinki.

Don haka kafin ki ƙara danna komai, ki haɗa kuɗin nan. In ba su cika ba ki kai abin da ya samu, ki faɗi ranar cikon. Kada ki tura ta waya, kada ki aiki yaro. Zumunta a ƙafa take. Ki je da safe kafin kasuwa ta cika, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Kawu, ga saƙon nan, na yi nauyi, a yi min afuwa." Ba sai kin yi dogon bayani a kan oda ba, kuma kada ki yi ƙaryar cewa wata ce ta ba ki kyauta. Daga nan ki fito da jerin abin da ya rage, ki nuna masa farashin da kika gani a waya, ki ce ya duba wanne zai iya yi miki, wanne ba zai iya ba. Kin hana shi wannan damar tun farko, kin yanke masa hukunci da farashin farko da ya faɗa, alhali kin san a kasuwarmu farashin farko sallama ce kawai. Zai yiwu ya sauko. Zai yiwu kuma ya ce miki, wannan kam saya a can, ko ni ban same shi haka ba. 'Yan kasuwa sun fi mu sanin lissafin nan.

In ni ce, duk abin da ke aiki da wuta ko gas, da duk abin da sai an ɗaga an ji nauyinsa, a wurinsa zan saya ko da ya ɗan fi tsada, domin ranar da ya lalace akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, a canza ba tare da cike-ciken fom ba. Ƙananan abubuwan da babu su a kasuwa, ko waɗanda bambancin kuɗinsu ya yi yawa, ki yi odarsu hankalinki kwance.

Kuma idan za ki tafi, ki saka ɗaya daga cikin kulolin nan a jaka, ki ce ya duba miki ko za ta riƙe zafi har la'asar. Ya riga ya ƙwanƙwasa ta ranar nan, na tabbata yana da abin faɗa a kanta.

Gwaggonku