Kafin ka taɓa Windows, leƙa bayan akwatin

Sani, ka ce linzami marar waya na kwamfutar teburin da aka kawo mana daga wani ofishi a Garki yana sarƙewa, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Ka canza batir bai daina ba, shi ne kake tambaya ko ka goge Windows ka sa sabo. A'a, kada ka goge wa mutane aikinsu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Fara da ɗan risibar nan mai karɓar siginar linzamin, wanda ake cusawa a kafar USB. Tambayi mai kwamfutar inda yake sa shi. Galibi a baya ne, tsakanin ƙarfen akwatin da bango, can ƙarƙashin tebur. Siginar kuwa ba ta da ƙarfi, a kan 2.4 GHz take tafiya, hanyar da Bluetooth da Wi-Fi ma suke bi. Sannan duba launin kafar. In shuɗiya ce, USB 3.0 ke nan, kuma idan tana aiki, musamman in an jona mata faifan ajiya na waje, tana fitar da hayaniyar da ke danne siginar. Kamfanin Intel ya yi bayanin haka tun 2012, amma har yau masu gyara da yawa ba sa lura. Mayar da risibar baƙar kafa ta gaba, ko ka samo 'yar wayar ƙari ta USB ka ɗora shi kan tebur kusa da linzamin. Sau da yawa nan magana take ƙarewa.

In linzamin na Bluetooth ne, duba ko an ɗaura eriya a bayan akwatin. Kwamfutar Tokumbo, wato ta hannu, kan zo babu ita, mutane kuma sun ɗauka ta Wi-Fi ce kaɗai, alhali Bluetooth ma da ita yake ji.

Sai ka gama da waɗannan za ka shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfutar. A shafin Power Management na USB Root Hub, cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe kafar don tattalin wuta.

In duk bai yi ba, gwada linzamin a kwamfutar shago. Ya sarƙe a nan ma, laifinsa ne, ka je Banex, kasuwar kayan kwamfuta a Abuja, ka sayo wani. Amma da risibarsa za ka sayo, domin yawanci na wani ba ya karɓar wani. Irin na Logitech Unifying, mai alamar ruwan lemo, shi ne ke ɗaukar na'ura har 6.