Amsa ga Yaya a Kano kan mawaƙin nan na Gadarif

Yaya, tambayoyinka biyu ne a kan waƙar abokina da na tura maka: me ya sa Hausarsa ta cika da Larabci haka, kuma in da gaske ya iya, me ya sa har furfura ta fara fito masa yana yawo da waƙa a waya, ba a taɓa jin sa a rediyo ba.

Ta farkon ba ta da wuya. Mu Hausawan nan Sudan ba jiya muka zo ba. Hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu, a ƙasa, suna tafe suna noma don neman guzurin ƙetare Bahar Maliya. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, wasu suka ƙara zuwa. Yaron da aka haifa a Gadarif yau da Hausa yake tashi a cikin gida, amma makaranta da kasuwa da asibiti duk Larabci ne. Da yawanmu ba su karanta Hausar boko ba, shi ma abokina da baƙaƙen Larabci yake rubuta baitocinsa.

Ta biyun ce mai tsawo, domin a gida aka fara rufe masa ƙofa. Mahaifinsa malami ne mai almajirai. A wurinsa madahu ibada ne, Ishiriniya ma haka, amma ɗa ya rungumi ud, molon Larabawa, ya zauna gaban mata a gidan biki, wannan roƙo ne, kuma ɗan malam ba ya roƙo. Za ka ce ai haka yake a Kano. Haka ne, sai dai namu ya fi tsanani. Dattawanmu suna ganin addini ne ya fito da su daga gida, kuma a ƙasar da ake kiran ka Fallata ko Takari, ana yi maka kallon ɗan ƙodago, ba ka da jarin da ya wuce a ce mutanen Alƙur'ani ne, masu amana. Duk abin da zai taɓa wannan suna, ba sa wasa da shi. Tsohon ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba. Abokin nawa ya nemi aure a unguwarmu, aka ce ba a ba maroƙi 'ya.

Ba shi ne farau ba. A'isha Falatiya, 'yar mutanenmu da aka haifa a Kasala, wadda a 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman, ita ma mahaifinta malami ne, ya aurar da ita don ta daina, ba ta daina ba. Yau dattawan da ke alfahari da sunanta su ne ke hana 'ya'yansu.

Abin da ya burge ni da shi, bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Da asuba yana biya wa yara allo, da yamma yana gashin agashe, tsiren nan ƙasar, a bakin tasha, lokacin yankan riɗi ya tafi gonakin manyan manoma. A can daji, inda ba mai kai rahoto gida, hannunsa ya faɗa da kiɗan ud.

Sai ya nufi wani gidan rediyo. Al'adar nan, kwamiti ne ke sauraron murya da baitoci kafin a ba mutum izini. Suka yaba muryar, suka ce ya dawo da Larabci, wai rutana, wato duk yaren da ba Larabci ba, ba ta da masu sauraro. Ya koma da Larabcin, suka ce irinsa sun yi yawa. A nan kam ban ga laifinsu ba, waƙoƙinsa na Larabci lami ne.

Wanda ya fi yi masa ciwo daga wajenku ya zo. Ya aika wa wani mai situdiyo a Kano ta WhatsApp, yana murna zai gamu da 'yan gida. Amsar da aka ba shi ita ce wannan ba Hausa ba ce, ya gyara lafazi, ya ajiye ud a buga masa fiyano. Ka duba fa, Yaya: a rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya taso a kan sarauta da ƙasa, cewa ake mu baƙi ne. A ce maka baƙo a inda aka binne kakanka, sannan inda kakan ya fito a ce ba a gane maganarka. Ya yi watanni bai taɓa ud ba, har na ɗauka ya haƙura.

Ashe gidajen tsofaffi yake bi. Ya riƙa zama da kakanni mata yana rubuta waƙoƙin daka da na niƙa da na kai amarya da suka gada, ya ɗora su a kan ud da gangar dalluka. Sai ga shi sun zauna daram, don kiɗan Sudan da namu duk a kan sauti biyar suke tafiya, shi ya sa ma kuke son waƙoƙin Sudan a can. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, birnin Madani ya faɗi a Disamba, 'yan gudun hijira suka cika makarantun Gadarif, yakan je ya yi musu da daddare. Daga nan gidajen biki suka fara neman sa. Har gobe a ɗakinsa yake ɗauka da waya, ya jingina katifu a bango. Mahaifinsa bai ce ya yarda ba, amma yanzu yana amsa gaisuwa.

Akwai alfarmar da ya roƙa. Waƙar dakan da ke tsakiyar wadda na tura maka, tsohuwar da ta ba shi ta manta ƙarshenta, ta ce dai uwarta daga ƙasar Kano ta taho da ita. Don Allah ka kunna wa Inna, in ta san ragowar ka ɗauko muryarta ka aiko mana. A gaida ta da kyau, a gaida yara.